Yadda filin jirgin Heathrow ya cinye ƙauyen da ya ba shi suna

Wa alaikumus salam. Malam, ka tambayi yadda aka yi filin jirgi mai girman Heathrow ya kasance a tsakiyar ƙauyuka, da abin da ya hana a ƙara masa titin tashi da saukar jirage na uku tuntuni. Amsar tana cikin yadda aka samo filin tun farko.

Heathrow sunan wani ɗan ƙauyen manoma ne a yammacin Landan, mai gonaki da lambunan kayan marmari da ake kaiwa kasuwannin birni. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa a 1929 kamfanin ƙera jirage na Fairey ya sayi gonaki ya yi ɗan filin gwada jiragensa. A 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Birtaniya ta karɓe wurin da dokar yaƙi, da sunan filin jiragen soja. Wannan dokar ta ba ta damar tsallake sauraron bahasin jama'a, aka tashi mutanen ƙauyen, aka rushe gidajensu. Yaƙi ya ƙare sojoji ba su mori wurin ba, sai aka mayar da shi na farar hula a 1946. Jirgin farko ya tashi zuwa Ajantina ranar 1 ga Janairu, kuma a tantuna fasinjoji suke jira a lokacin. Sai a 1966 aka sa masa sunan ƙauyen a hukumance.

A ganina babbar matsalar daga nan ta samo asali, domin ba a zauna an auna dacewar wurin ba. Jirgi yana fuskantar iska wajen tashi da sauka. Iskar yankin kuwa kusan kashi 70 cikin ɗari daga yamma take busowa, don haka jiragen da za su sauka dole su ratso ta saman Landan. Da farko tituna shida aka shimfiɗa masu giciye juna saboda ƙananan jiragen da ba sa jure iskar gefe. Da jirage suka girma, aka koma biyu daga gabas zuwa yamma, na arewa mita 3,902, na kudu kimanin 3,660.

Saboda ƙarar jirage aka ɗaure filin da sharuɗɗa. An ƙayyade tashi da sauka 480,000 a shekara. Idan iska daga yamma take, ana musanya titunan da ƙarfe uku na rana, na sauka ya koma na tashi, don mazauna su samu hutun rabin yini. Daga 11:30 na dare zuwa 6 na safe jirage ƙalilan ake bari. Ƙauyen Cranford ma ya samu alkawari a 1952 cewa ba za a riƙa tashi ta kansa daga titin arewa ba. Da tituna biyun nan aka ɗauki fasinjoji sama da miliyan 83 a 2024, shi ya sa hazo kaɗan ke dagula jadawalin yini guda.

Titi na uku ba shi da wurin zama sai kan gidajen mutane. Shirin 2009 zai shafe ƙauyen Sipson, sabuwar gwamnati ta soke shi a 2010. Wanda majalisa ta amince da shi a 2018 zai ci ƙauyen Longford ɗungurungum da babban ɓangaren ƙauyen Harmondsworth, gidaje sama da 700, kuma sai an nutsar da babbar hanyar M25 a ƙarƙashin titin. Kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da shi a Fabrairun 2020 kan batun sauyin yanayi, kotun ƙoli ta warware hukuncin a Disamba, gwamnati kuma ta sake mara masa baya a Janairun 2025.

Abin da ya fi damuna shi ne zaman jiran. An yi wa waɗanda za a tasa tayin kuɗin gida da ƙarin kashi 25, amma kafin nan gidan ba ya sayuwa da daraja, mai shi kuma ba ya sha'awar gyara rufin da bai san ranar rushe shi ba. A Sipson kamfanin filin ya saye gidaje da yawa ya zuba 'yan haya, tsofaffin maƙwabta suka watse, alhali titin da aka yi hakan dominsa ba a gina shi ba. A Harmondsworth akwai ƙaton rumbun katako da aka gina wajen 1426. Shirin zai bar shi a tsaye, amma shingen filin zai zo kusa da shi.