Me ya sa shanu ke barin gindin karan dawa?

Tambaya: Ina kiwon shanu a wajen Samaru. Bayan girbi idan na zuba musu karan dawa, sai su ci ganye da saman kara su bar gindin. Me ke taurara shi haka, kuma akwai dabara? — Wani makiyayi daga Zariya

Amsa: Malam, sunan abin liginin. Bangon kowace ƙwayar halittar tsiro an yi shi da zaren selulos, wanda tumbin saniya ke iya narkarwa. Idan wasu ƙwayoyin sun gama girma, sai su fara zuba liginin a tsakanin zaren, kamar yadda ake zuba kankare a kan rodi.

Wajen haɗa liginin, tsiron yana farawa da wani sinadari mai suna fenilalanin, ya sarrafa shi zuwa ƙananan tubala iri uku. Tubalan sukan fita zuwa bango, inda wasu enzayim biyu (sinadaran da ke hanzarta aiki a jikin halitta), feroksides da lakes, ke sa su manne wa juna ba tare da tsari ɗaya ba, su zama raga mai wuyar warwarewa. Aikin yana somawa daga kusurwoyin ƙwayar, ya bazu cikin bangon. Da yawa daga cikin ƙwayoyin sai su mutu, su zama bututun da ruwa ke bi daga saiwa zuwa zangarniya. A itace, liginin yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na busasshen nauyi.

Gaɓoɓin gindi su suka fi tsufa, don haka su suka fi shan wannan kankare. Ku tsaga kara ku duba: totuwa laushi gare ta, sillen kuwa har yanka hannu yake yi. Ƙananan halittun da ke narkar da abinci a cikin tumbi ba sa iya fasa liginin, sai selulos ɗin da ke ƙarƙashinsa ya wuce a banza.

Kada dai ku ɗauke shi abokin gaba. Shi ke hana dawa kwanciya. Gonar da aka cika wa uriya, aka kuma shuka da cunkoso, karanta kan fito da raunin bango, iskar Agusta ta kwantar da shi.

Ku kwashe kara da zarar an yanke zangarniya, kada ya daɗe a rana. Ku sassare shi ƙanana. Ga kilo 100 na kara, ku narkar da kilo 4 na uriya a ruwa kamar lita 50, ku yayyafa, ku tattake, ku rufe da leda yadda iska ba za ta shiga ba, har mako 3. Iskar ammoniya da ke tashi daga uriyar tana sassauta ɗaurin da ke tsakanin liginin da zaren. Idan ledar ta huje, ammoniya za ta tsere, karan ya yi fumfuna. In kun buɗe, ku shanya shi kwana ɗaya kafin ku ba shanu, ban da 'yan maruƙa masu shan nono.