Me ya sa masu zane ke bin birni?

Tambaya: Malam, don Allah me ya sa duk birnin da ya fara bunƙasa sai ka ga masu zane-zane sun cika shi, daga baya kuma su watse? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, gaskiya maganar kuɗi ce da wurin zama. Mai zane yana neman wanda zai sayi aikinsa, shi ya sa birnin Fulorans na Italiya ya tara gwanaye a ƙarni na 15, lokacin da iyalan Medici masu banki suke ɗaukar nauyin irin su Botticelli. Amma abin da ya fi ba ni haushi shi ne na haya. A shekarun 1960 masana'antun unguwar SoHo a birnin New York na Amurka sun zama kango, masu zane suka shiga saboda araha ga fili ga haske, har hukuma ta halatta musu zama a 1971, to unguwa na yin suna sai attajirai da manyan shaguna suka biyo, haya ta yi tashin gwauron zabi, waɗanda suka raya wurin su aka fara kora. Wasunsu Brooklyn, wani yanki na birnin New York, suka koma.