Yadda za a ɓoye ayyukan da ke maimaituwa daga jadawalin mako

Malam, ka ce kana tsara harkokin shagonka na kasuwar Kejetia da ke Kumasi da manhajar Todoist, amma ayyukan kullum irin su lissafin cinikin yamma da duba kaya sun cika jadawalin mako har sun binne abubuwan da ke zuwa sau ɗaya. Kada ka goge su, domin idan ka goge aiki mai maimaituwa, jerinsa duka ne zai tafi.

Ka shiga sashen matatu (Filters), wato inda ake tace ayyukan da za a nuna maka, ka buɗe sabuwa, ka rubuta 7 days & !recurring a gurbin umarni. Alamar motsin rai da ke kafin kalmar recurring ita ce ke cewa a fitar da duk mai maimaituwa, sai a bar maka sauran ayyukan kwana 7 masu zuwa.

Sai dai wannan matatar ba ta nuna abin da ranarsa ta wuce, don haka bashin da ya kamata ka karɓo a unguwar Aboabo shekaranjiya zai ɓace maka daga gani. Ka ƙara waƙafi a ƙarshen umarnin farko, sannan ka rubuta overdue & !recurring, za su fito a jeri na biyu. Ni a ganina kuɗin haya na wata-wata bai kamata ya ɓuya ba, gara ka ware masa matata tasa daban.