Gidajen Abuja da suka ƙi sayuwa

Malam, ka tambayi dalilin da gida ke shekara a kasuwa a Abuja ba mai saye. Kuɗin ne ya wuce hankali, je Guzape ko Katampe ka gani, fenti na ɓarewa, maigadi kaɗai a ciki ya shanya wanki a get, mai gidan kuma ya ƙi rage ko sisi don ba bashin banki ke binsa ba.

Iyayenmu da yawa sun samu nasu lokacin da gwamnatin Obasanjo ta sayar wa ma'aikata gidajen gwamnati wajen 2005, yau matashi mai albashin 70,000 sai Mararaba ko Suleja, hayar ma da ƙyar. Wallahi in dattijo ya ce ba ma tattali abin na min ciwo.