Kano zuwa Guangzhou: wane tikiti zan saya?

Tambaya: Ina da shago a Kantin Kwari, kuma bana ne karo na farko da zan je China sari da kaina. Ejan ya kawo mini tikiti biyu. Na farko kamfani ɗaya ne har can, a yada zango a Addis Ababa. Na biyun ya fi araha sosai, amma kamfanoni biyu ne, kowane da tikitinsa. Sannan na ga lokacin zuwa ya fi na dawowa tsawo a takardar. Me ke nan?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa a je a sa'a. Bari mu fara da lissafin awowin, don shi ne ya fi rikita mutane. Lokacin da ake rubutawa a tikiti agogon garin da jirgi ya tashi ne da na garin da ya sauka, kuma agogon China yana gaban na Najeriya da awa 7. Saboda haka a zuwa sai ka cire awa 7 daga abin da ka ƙirga, a dawowa kuma ka ƙara 7. Wannan bambancin ka sa shi a ranka idan za ka yi alƙawari da mai kaya, kar ka kira shi da magaribar Kano alhali can dare ya raba.

Tsakanin Kano da Guangzhou kusan kilomita 11,000 ne, kuma babu jirgin fasinja da ke zuwa kai tsaye. Kano zuwa Addis Ababa ya haura kilomita 3,000, awa 4 zuwa 5 ke nan. Daga nan zuwa Guangzhou kimanin kilomita 8,000, wajen awa 10. Ka ƙara da zaman jira, ka ɗauka yini guda cur ya tafi.

Game da zaɓi kuwa, ni dai na farkon zan ce ka saya, ko da ya fi tsada. Idan tikiti ɗaya ne kuma jirgin Kano ya makara har na biyu ya tashi ya bar ka, nauyin kamfanin ne ya sa ka a wani. Idan kuwa tikiti biyu ne daban, kamfani na biyu ba ruwansa, sabo za ka saya da kuɗin da ka ware na kaya. Ga shi a mafi yawan lokaci sai ka karɓi jakunkunanka a tsakiya ka sake auna su, abin da kan buƙaci bizar ƙasar da ka yada zango. Ga baƙon hanya wannan wahala ce babba.

Kafin ka biya, ejan ya nuna maka a rubuce kilo nawa aka ba ka a dawowa, domin a nan ne ɗan kasuwa yake cin riba ko ya tafka asara. Jiran tsakiya kuma kar ya gaza awa 2.