Kowace jarida daga ƙofar gidanta take leƙowa

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa jaridun Turawa suke nuna kamar Afirka duka ta tattara komatsanta tana jiran kwale-kwale a gaɓar Libiya. Ni direban motar kaya ne a hanyar Injamena zuwa Abeche har Adre, ina kuma bin labarai a waya, to ga abin da na lura da shi.

A jaridun Italiya da Faransa, labarin mutum yana farawa ne ranar da ya taka tsibirin Lampedusa na Italiya. Lissafi kawai ake yi, yau mutum kaza sun sauka. Masu ra'ayin riƙau su ce mamaya ce, masu sassauci su ce abin tausayi ne, amma da wuya ka ji garin da yaron ya fito ko bashin da uwarsa ta ci don ya tafi. Sai an yi babban rashi, irin na Oktoban 2013 da jirgin ruwa ya nutse da mutum sama da 360, ake tuna cewa 'ya'yan wasu ne.

To Adre fa, garin da ke kan iyakar Chadi da Sudan? Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 mutanen Darfur ke kwararowa. Da idona na ga mata a kan amalanke, daga tabarma sai tukunya, yara sun yi furu-furu da ƙura. Chadi, da talaucinta, tana ɗauke da 'yan gudun hijira fiye da miliyan ɗaya, amma a can wannan labarin shafin ciki ne, in ma an buga. Da 'yan Yukiren suka fito a 2022 kuwa, an nuna mana fuskokinsu da sana'o'insu, har karnukansu.

Jaridunmu na Chadi ma ba su fita ba. Yawanci sai wani babba ya je rabon buhuna ake ɗaukar hoto, a kwafo alƙaluman HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a manna. Ban cika ganin laifin ɗan jaridar ba, kuɗin motar Adre ma aiki ne. Jaridun Najeriya kuma sun fi son labarin waɗanda aka kwaso daga Libiya, a haɗa musu da nasiha.

Alhali mafi yawan 'yan Afirka da ke barin ƙasarsu a cikin nahiyar suke tsayawa. Je ka gadar Ngeli ta Injamena da sassafe ka ga masu tsallakowa daga Kuseri ta Kamaru neman abinci, ko ka tambayi matasanmu da ke haura arewa haƙar zinare a Tibesti ko sun taɓa ganin ɗan jarida.