Yini ɗaya a Jidda bayan Umra: shin Balad ta cancanci ziyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana da mahaifiyarsa za mu je Umra a watan Janairu in Allah Ya yarda, kuma muna da yini guda a Jidda kafin jirginmu ya tashi. An ce akwai tsohon gari da ake kira Balad. Akwai abin gani ko kasuwa ce kawai? Kuma tsohuwa za ta iya zagayen? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya kai ku lafiya, Ya karɓi ibada. Ku je Balad, kada ma ku yi shawara biyu. Abin da ke damuna shi ne yawancin mutanenmu iyakarsu kasuwar Bab Sharif: a sayi abaya da darduma da turare, a ɗaure kaya, a wuce filin jirgi, alhali tafiya kaɗan ce tsakaninsu da unguwannin da suka shekara fiye da dubu suna karɓar baƙin Allah.

A shekara ta 26 bayan Hijira Halifa Usman bin Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a maimakon Shu'aiba. Tun daga nan galibin masu niyyar Hajji ta teku a nan suke sauka. Har da kakanninmu, waɗanda suka bi ta Chadi da Sudan a ƙafa, suna tafe suna ƙwadago shekara da shekaru, har su isa Sawakin su tsallaka Bahar Maliya. Da yawa ba su komo ba, shi ya sa har yau ake samun 'yan Saudiyya masu laƙabin Hausawi. Idan surukarki ta taɓa jin labarin wani kaka da ya tafi Makka a ƙasa, to ki gaya mata wannan ne garin da ya fara takawa a Hijaz.

A da garin na da ganuwa. An gina ta a farkon ƙarni na 16 saboda barazanar Turawan Fotugal, waɗanda suka kawo hari a 1517 ba su yi nasara ba. An rushe ta a 1947 da gari ya bunƙasa, amma sunayen ƙofofin suna nan: Bab Makka, Bab Jadid, Bab Sharif. Ke da kika san Ƙofar Soro da Ƙofar Ƙaura, tsarin ba zai zame miki baƙo ba. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Babban abin kallo gidajen ne, don haka ki riƙa ɗaga kai. Benaye ne masu hawa huɗu, wasu biyar ko fiye, an gina su da dutsen murjani da ake haƙowa a gaɓar teku, ana jera katako a tsakanin sahun duwatsun don ya riƙe ginin. A fuskar kowane gida akwai tagogin katako da suka turo waje, an sassaƙa su da ƙananan kafofi, su ake kira rawashin. Ba ado ne kawai ba. Jidda gari ne mai zafi da gumi, tagogin suna shigo da iska su tare rana, kuma matan gida suna ganin titi ba tare da an gan su ba. Galibin katakon ta jirgin ruwa aka kawo shi daga Indiya da tsibirin Jawa na Indonesiya, kuma yawancin manyan gidajen an gina su ne bayan buɗe mashigin Suwez a 1869, lokacin da attajiran garin suka yi ƙarfi.

Ku fara da Gidan Nasif, wanda aka kammala a 1881. A nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga Jidda a 1925. Matakalarsa mai faɗi ce kuma ba ta da tsayin taki, ana cewa don raƙumi ya iya hawa da kaya aka yi ta haka. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar darbejiya da aka daɗe ana kwatancen gidan da ita. Daga nan ku bi ta kasuwar Alawi, ku yi sallah a Masallacin Shafi'i da ke unguwar Mazlum, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a garin. Za a iya ce muku ga maƙabartar Nana Hauwa'u a kusa; labari ne da mutanen gari suka gada, babu ingantaccen nassi a kansa.

Game da surukarki, Janairu lokaci ne mai kyau, zafi ya sauka. Duk da haka kada ku fita da hantsi. Ku shiga bayan La'asar ku kai Isha'i, lokacin ne shaguna ke buɗewa gari ya cika. In ranar ta faɗo Juma'a, safiyar kusan komai a rufe yake. Cikin unguwannin a ƙafa ake zagawa, kuma daɓen wasu lungunan ba sumul yake ba, saboda haka a samar mata takalmi mai taushi, in gwiwa na damunta a taho da keken turawa. Ba dole ta hau benen Nasif ba, ta zauna a inuwa ta sha shayi ku ku hau. Wasu gidajen ana kan gyaransu, ku tambaya a can wanne ne a buɗe a ranar.

Kada ku sa ran ganin teku a bakin gidajen, domin an cike gaɓar tuntuni, ruwan ya yi nisa. In lokaci ya rage, ku ɗauki tasi zuwa Kurnish, titin bakin teku, ku ci sayadiyya, wato shinkafa da kifi. Amma ku ƙirga cunkoson motoci da kyau, filin jirgin yana can arewacin gari ne, da tazara daga Balad.